Cape Coast ko Zanzibar: wanne ya kamata Bahaushe ya fara zuwa?

Ƙanina ne ya kira ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Yaya, na samu hutun mako biyu, na kuma ɗan tara wani abu. Ina so in kai iyali su ga teku da idonsu. Kai da ka je duka biyun, Gana za mu nufa ko Zanzibar?" Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani, domin ba tambayar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Mutumin da ya shekara yana tara kuɗi, ga mata ga yara uku, bai kamata a tura shi inda zai dawo yana cizon yatsa ba. Abin da na faɗa masa shi ne na zauna na rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Garuruwan biyu, Cape Coast ta Gana da Zanzibar, sun yi kama ta fuskoki da yawa. Dukansu tsofaffin tashoshin jiragen ruwa ne, dukansu baƙi daga ƙetare sun mulke su sun bar gine-gine, dukansu cinikin bayi ya taɓa zama jarinsu, kuma dukansu suna da gaɓar teku mai itatuwan kwakwa. Daga nan kuma sai kowanne ya kama gabansa.

Bari in fara da hanya, tunda nan ne aljihu ke fara magana. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Gana, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. Fasfo da katin rigakafin cutar shawara su ne abin riƙewa. Daga Legas zuwa Akra tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. Mai son rage kuɗi yana iya bin mota ta Seme, ya ratsa Kwatano da Lome, ya shiga Gana ta Aflao. Iyaka uku ke nan, kuma yini guda cur ake yi, wani lokacin har dare. Da yara ƙanana ban ba da shawarar wannan hanyar ba, amma saurayi mai ƙarfi a jika zai ga abubuwan da jirgi ba zai nuna masa ba. Daga Akra kuma Cape Coast tana wajen kilomita 150 ta yamma, awa uku a mota idan an dace da fita kafin cunkoson Kasoa ya kankama. Elmina tana gaba kaɗan, kilomita goma sha wani abu, don haka ana haɗa su a tafiya ɗaya.

Zanzibar ba haka take ba. Tsibiri ne a cikin tekun Indiya, ɓangare ne na Tanzaniya, kuma Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta intanet, an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran kan ɗauki makonni. Kada wanda ya biya kuɗin otal kafin takardar ta fito. Ban da wannan, tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44 a kan kowane babban mutum. Jirgi kuma yawanci sai ya yada zango a Addis Ababa ko Nairobi. Wanda ya sauka a Darussalam zai ƙarasa da jirgin ruwa mai gudu, wajen awa biyu. Duk waɗannan da dala ake lissafinsu, kuma kowa ya san yadda naira take ji a gaban dala. A taƙaice, kuɗin tikitin iyali mai mutum biyar zuwa Zanzibar kaɗai yana iya cinye abin da zai kai su Gana ya ciyar da su ya dawo da su.

To amma ba don arha na fi karkata ga Cape Coast ba. Dalilina yana cikin gidajen dutse biyu da Turawa suka gina a bakin ruwa, inda aka riƙa tsare bayi, ɗaya a Elmina ɗaya a Cape Coast.

Na Elmina shi ne babba a shekaru. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, kafin ma Kolumbas ya isa nahiyar Amurka, kuma zinariya ce ta kawo su tun farko, shi ya sa suka kira wurin da sunan ma'adini. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun kafa igwa a kan tudun da ke fuskantarsa, inda sansanin St. Jago yake a yau. A 1872 suka miƙa wa Ingila. Na Cape Coast kuwa 'yan Siwidin suka fara kafa shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Ingilishi, garin ya zama hedikwatar mulkinsu a wannan gaɓar har 1877 da aka mayar da ita Akra. Hukumar UNESCO ta sa gidajen cikin kayan tarihin duniya a 1979. A Elmina aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira, kuma ɗakin da ya zauna yana nan ana nuna wa baƙi.

Waɗannan duk ana iya karanta su a takarda. Abin da ba a karantawa shi ne kurkukun maza na Cape Coast. Ana gangarawa ta wata hanya mai santsi zuwa ƙarƙashin ƙasa, iska ta yi nauyi, wani wari na danshi da gishiri ya tare ka. Tagogin 'yan ƙananan ramuka ne can sama kusa da rufi. Mai yi mana ja-gora ya nuna mana daɓen da muke takawa, ya ce ba duka dutse ba ne, abin da ya fita daga jikin mutanen da aka tsare ne ya taru shekara da shekaru ya daskare. Sai ya kashe fitila na ɗan lokaci. Muna wajen mutum ashirin, babu wanda ya yi tari. Wata baƙar fata 'yar Amurka da ke kusa da ni ta fashe da kuka, ni kuma na tsinci kaina ina maimaita innalillahi a zuci. Da muka fito, sai ya ɗaga hannu ya nuna mana ɗakin da ke daidai saman kurkukun: majami'ar Turawan ce, inda suke ibadarsu ranar Lahadi.

A Elmina kuma tsakar gidan mata ce ta tsaya min a rai. Akwai baranda a sama inda gwamna ke tsayawa ya leƙo ya zaɓi wadda yake so, akwai kuma ƙwallon igwa na ƙarfe da ake ɗaure wadda ta ƙi, a bar ta cikin rana. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa, siririya ce har sai mutum ya karkace kafin ya leƙa. Ta Cape Coast ta fi faɗi, kuma idan aka buɗe ta sai ka ga masunta zaune a kan rairayi suna ɗinkin koma, yara suna guje-guje tsakanin kwalekwale masu fenti kala-kala.

Me ya haɗa Bahaushe da wannan? Da yawa. Kakanninmu fatake sun yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja sayen goro, kuma kasuwar Salaga da suke sauka, goro da bayi duka ake sayarwa a cikinta. A kan hanyar Kumasi zuwa Cape Coast akwai garin Assin Manso, inda ake nuna rafin da bayin da aka koro daga arewa suke wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Gaskiya ne yawancin Hausawan da aka tsallaka da su teku ta Legas da Wida da Porto Novo aka fitar da su, su ne suka ƙulla shirin tawaye a Bahia ta Brazil a 1807. Amma kurkuku ɗaya ne, sarƙa ɗaya ce. A cikinmu akwai waɗanda aka sayar, akwai kuma waɗanda suka sayar, kuma ina ganin ya kamata yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ji wannan daga bakin mahaifinsa yana tsaye a wurin. Sannan akwai sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya tara a Legas, waɗanda Ingilishi suka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Da yawansu ba su koma gida ba, su da fatake suka zama tushen unguwannin zango da ke kusan kowane babban gari a Gana.

Zanzibar tarihinta na wani ɓangaren duniya ne, kuma ya fi ɗaure kai. Turawan Fotugal sun riƙe ta kusan shekara ɗari biyu, Larabawan Oman suka kore su a ƙarshen ƙarni na 17, suka gina tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa har yau. Sarki Sayyid Sa'id ya ga albarkar tsibirin har ya dawo da fadarsa daga Maskat a wajajen 1840, ya cika ƙasar da gonakin kanumfari. Ɗansa Barghash ya gina Baitul Aja'ib a 1883, gidan da ya fara samun lantarki a tsibirin. Wani sashe na gidan ya rufta a Disamban 2020, don haka mai zuwa ya sa a ransa cewa daga waje zai kalle shi. Ingila ta mayar da Zanzibar ƙarƙashin kariyarta a 1890, kuma a ranar 27 ga Agustan 1896 jiragen yaƙinta suka yi wa fadar ruwan wuta, yaƙin da bai cika awa ɗaya ba. An ba su 'yanci a Disamban 1963, aka yi juyin juya hali mai zubar da jini a 12 ga Janairun 1964, sannan a Afrilun shekarar suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya.

Tsohon garin, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, ya shiga jerin UNESCO a 2000. Duk wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram zai ji kamar ya san wurin. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidaje masu hawa biyu da uku sun jingina da juna, ƙofofi na katako da aka sassaƙa musu ayoyi da furanni aka kafa musu ƙusoshin tagulla. A ƙofar kowane gida akwai dakali, suna ce masa baraza, kuma aikinsa ɗaya da namu: dattawa su zauna bayan la'asar, mai gahawa ya zo da butarsa da 'yan ƙananan kofuna, a yi ta hira har ladan ya kira magariba. Na ɓata a lungunan nan ya fi sau biyar a rana ɗaya, kuma duk wanda na yi wa sallama sai ya amsa cikakkiya ya nuna min hanya.

A nan ma akwai wurin da ya kamata a tsaya. An rufe kasuwar bayi ta garin a 1873, aka gina babbar majami'ar Angalika a kan filin. Kusa da ita akwai ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa har mutum ba ya iya miƙewa, da kuma wani rami da aka kafa gumakan mutum biyar da sarƙa a wuya. Wannan cinikin ba Bature ne ya riƙe shi ba. Larabawa da Suwahilawa ne, Musulmi irinmu, kuma gidan fitaccen dillalin nan Tippu Tip yana cikin garin. Na fita daga wurin jikina a sanyaye, wani irin sanyi daban da na Elmina, domin a can ina iya nuna wani da yatsa, a nan kuwa masu salla ne suka aikata. Duk da haka dole in faɗi gaskiya: a Zanzibar wannan tarihin awa ɗaya yake ɗauka a cikin yini, sai kasuwa da ƙamshin kayan yaji su janye ka. A Cape Coast kuwa shi ne garin gaba ɗaya.

Idan aka zo maganar ruwa, Zanzibar ta yi wa Cape Coast fintinkau, babu ja. Tekun Atilantika a gaɓar Gana mai fushi ne. Igiyar ruwan tana da ƙarfi, tana kuma da ja ta ƙasa wanda ke ɗauke mutum ko da ya iya ruwa. Mu mutanen tudu da iyakar saninmu kogi da kududdufi, bai kamata mu wuce gwiwa ba, yara kuma a riƙe hannunsu. Gaɓar cikin gari wurin aikin masunta ce, akwai leda da shara. Mai son wuri mai tsabta sai ya fita zuwa Brenu ko Ampenyi ta yamma da Elmina, ko Anomabo ta gabas. Suna da kyau, rairayi ja-ja da inuwar kwakwa, amma na zama ne a sha iska.

A Zanzibar rairayin fari ne fat, laushinsa kamar garin alkama, ruwan kuma garau har kana ganin yatsun ƙafarka. A gabas, wajen Paje da Jambiani, duwatsun murjani sun tare ƙarfin teku daga nesa, don haka ruwan bakin gaɓa kwance yake. Sai dai yana janyewa sau biyu a rana, ya tafi can nesa, a lokacin ne mata ke shiga da zannuwansu suna girbin ciyawar ruwa da suke nomawa a kan igiyoyi. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa sosai, ana iya wanka kowane lokaci, amma nan ne matattarar Turawa masu yawon buɗe ido, da shigarsu ta wanka da mashayarsu da kiɗan dare. Mai tafiya da iyali ya san wannan kafin ya kama ɗaki. Ni dai Jambiani na fi so, ta fi natsuwa, kuma ƙauyen yana nan da masallacinsa da makarantar allonsa.

Ga yara kuma kowane gari yana da abin nuna musu. Gandun dajin Kakum yana wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai a tsakanin ƙololuwar itatuwa, mutum yana tafiya yana lilo sama da mita 30 daga ƙasa. Zanzibar tana da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru da suka haura shekara ɗari, da dajin Jozani mai jajayen birai, da gonakin da ake nuna kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi a jikin bishiyarsu. Uwargida da ta saba sayen su a ƙulle a leda za ta ji daɗin wannan.

Sai ci da salla, waɗanda su ne ke sa baƙunci ya yi daɗi ko ya gundure. A Zanzibar kusan kowa Musulmi ne. Ba ka tambayar yanka, ba ka neman masallaci, mace mai hijabi ba wanda zai kalle ta sau biyu. Da yamma a lambun Forodhani ana jera tebura ana gasa kifi da jatan lande da mishkaki, wanda ɗan'uwan tsire ne, ga ruwan rake da citta da lemun tsami. Shinkafarsu ta pilau da biriyani ba sai an koya wa Bahaushe cin ta ba. Harshen ne matsala, domin Suwahili ake yi sai ɗan Turanci, ko da yake kunne zai riƙa tsintar kalmomin da muka aro daga Larabci tare: dunia, habari, sabuni, Alhamisi, Ijumaa, karafuu. A kula da agogonsu kuma, daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, don haka idan direba ya ce saa mbili, wato awa biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi.

Cape Coast garin Fante ne, mafi yawansu Kirista, don haka nama sai an tambaya. Amma kifi yana nan sabo kullum, ban da Talata da masunta ba sa fita teku bisa al'adarsu, a ci da dokunu da yajin shito. Kuma da zarar ka shiga zango, wajen kasuwar Kotokuraba, ka dawo gida. Da asuba na bi kiran salla na iske masallaci, bayan an idar wani dattijo ya juyo ya ce, "Malam, baƙo ne? Daga ina?" Da na ce Kano sai ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce kakansa daga can ya zo da fatauci, shi kuwa bai taɓa zuwa ba. Ya ja ni wurin mai koko da ƙosai ya hana ni biya. Hausarsu ta ɗan sha bamban, ta gauraya da Turanci da Fante, amma babu abin da ya ɓace min. Hatta abincin da Gana ke alfahari da shi, waakye da tuo zaafi, sunayensu wake ne da tuwon zafi. Wannan karɓar ba ta cikin abin da otal ke sayarwa, kuma ban same ta a Zanzibar ba duk da kirkin mutanenta.

Lokacin tafiya ba shi da wuyar tsarawa. A guji Zanzibar daga Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan sama ne, an fi jin daɗinta daga Yuni zuwa Oktoba. A Cape Coast ruwa ya fi yawa a Mayu da Yuni. Mai son ganin biki, Elmina tana yin Bakatue a Talatar farko ta Yuli, Cape Coast kuma Fetu Afahye a Asabar ɗin farko ta Satumba, sai dai ɗakuna kan yi wuya a lokacin. Sauro yana ko'ina a wuraren biyu, a tafi da magani.

Ga yadda na yanke wa ƙanina. Ango da amarya, ko wanda aiki ya gajiyar yana son ya kwanta ya ji ƙarar ruwa na mako guda, ko dattijon da ba ya son ya rasa jam'i ko sau ɗaya, idan aljihu ya yarda kuma akwai wata biyu na jiran biza, Zanzibar ce tasu. Amma magidanci mai yara 'yan makaranta, da kuɗi daidai gwargwado da hutu ƙayyadadde, wanda wannan ce fitarsa ta farko, ya fara da Cape Coast. Kwana biyar sun isa: ɗaya na Elmina, ɗaya na gidan dutsen Cape Coast da zango, ɗaya na Kakum, ɗaya na hutawa a Brenu, na biyar a biya ta Assin Manso. Na ce masa kada ya haɗa gidajen biyu a rana ɗaya, zuciya ba ta ɗauka, kuma ƙaramar 'yarsa mai shekara biyar ta tsaya a sama da mahaifiyarta lokacin da za a gangara kurkuku.

Ya yi shiru a waya, sannan ya ce, "To Yaya, Gana ke nan. Gobe zan kai yaran a yi musu allurar shawara."